Kada Ka Yi Gudun Nan Don Ni

Haɗeja, ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ka sauka lafiya, ka sami ɗaki mai kyau, ka miƙe ƙafar nan taka bayan dogon zaman mota. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a inda ka je, ya haɗa ka da mutanen kirki a kwalejin nan. Ummanka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, ga waya a hannun kowa, amma na ɓige da rubuta maka takarda kamar mutanen da. To, ka san halin ubanka. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ka ci, shi ya sa ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. Haka muka taso muka tarar, uba ba ya sakin fuska da ɗan fari, balle ya zauna hira da shi. Shekara ashirin da ɗaya, in ka cire "tashi" da "yi sauri" da "ƙara wuta", ban san abin da ya rage a maganar da na yi da kai ba. Sau uku a satin nan ina kiranka zaure da niyyar in faɗa maka abin da ke cina, da ka durƙusa sai in ji bakina yana tambayarka ko ka kama kujera a tasha.

Ga abin da ya tayar mini da hankali. Ranar Alhamis da la'asar ina zaure ina duba littattafan 'yan ajina, kai kuma kana tsakar gida kana waya da abokinka. Ba laɓe na yi maka ba, muryarka ce ta fito. Na ji ka ce za ka shiga tseren da kwalejin take shirya wa sababbin ɗalibai nan da wata biyu, wanda da shi ake zaɓen 'yan gudun makaranta. Da alama ya tuna maka maganar likita, don na ji ka ce, "Rabu da likita. So nake Baba ya san ban lalace ba." Abba, wallahi jan biron da ke hannuna sai da ya faɗi. Wata huɗu kacal ke nan da aka yi maka aiki a gwiwa. Likitar gashi, wadda take koya maka motsa ƙafar, ta ce sai ka cika wata tara kafin ma a fara maganar tsere, kuma a gabana ta faɗa. In ka yi gudun nan jijiyar da aka ɗinka za ta iya sake tsinkewa, kuma ta ce gyara na biyu ba ya kai na farko. Ashe duk wannan ka ji, amma ka zaɓi ka jefa ƙafarka don ka faranta mini. To bari in ba ka labarin mutumin da kake son farantawa.

Ka sha jin tsofaffin unguwa suna ce mini Balbela. Ina da shekarunka babu tsoka ɗaya ta banza a jikina, ga dogayen ƙafafu, ga farar singileti, kullum bayan sallar asuba ina kan jingar da aka tare ruwan kogi da ita. In tashi daga bakin gari in miƙe har sai hasumiyar masallaci ta ɓace mini, sannan in juyo. Masu korar tsuntsayen jan-baki a gonakin shinkafa su ne 'yan kallona, in na gifta sai su ɗaga gwangwanayensu suna kaɗa mini. Babu wanda ya koya mini, ni dai na lura in ina gudu duniya tana yi mini daɗi. Har Birniwa an taɓa kai ni a bayan akori-kura na yi tsere na ci. Kakanka kuwa ko kaɗan abin bai kwanta masa ba. Cewa yake, "Mutum da hankalinsa, ba a biyo shi ba, ba wuta ta tashi ba, yana ta zabga gudu a bakin gonakin mutane."

Saura sati uku a yi tseren da za a zaɓi masu wakiltar jiha abin ya same ni. Rani ya shigo, ruwa ya janye daga fadama. Ka san yadda laka take in shanu sun bi ta kanta tana ɗanya sannan ta bushe, ramuka ne birjik, ga tauri kamar siminti. Ran nan amalanken shanu suka tare jinga, ni kuma ba na son in rage gudu, sai na ce bari in yanke ta ƙasa. Ƙafata ta dama ta faɗa sawun saniya, jikina ya wuce, ita ta tsaya. Na ji ƙas a cikin gwiwar. Kafin azahar ta yi suntum, wando ma da ƙyar ya fita.

Ban faɗa wa kowa a gida ba. Tsoro nake kakanka ya ce ai ga irinta nan, ya hana ni tseren. Na ce da su ƙaya na taka. Washegari na lallaɓa wurin wani wanzami a bayan kasuwa, ya yi mini ƙaho, kumburi bai saɓe ba. Na koma na ce ya yi mini sakiya. Ya sa tsinken ƙarfe a garwashi har ya yi jajur, mutum biyu suka danne ni, ya soka a gefen gwiwar don ruwan ya fita. Ko uffan ban ce ba, kuma har alfahari na yi da hakan, kai ka ji wauta. Ba na ɗora wa wanzamin nan laifi, don shi ma ya fi ni hankali. Da zan tafi ya ce, "Samari, kada ka taka ta da ƙarfi sai ka yi kwana arba'in." Na ce to, a raina kuwa ina lissafin saura kwana goma sha tara.

Abba, ciwo ba abin kunya ba ne. Mu aka raina a kan cewa namiji ba ya cewa wayyo, kuma wannan tarbiyya tana da wurinta, amma gwiwa ba ta san jarumta ba. In ta yi zafi, in ta kumbura, in ka ji tana neman zamewa a ƙarƙashinka, ka tsaya, ka je ka faɗa wa wanda ya san aikinta, a ranar. Kada ka bari sai ka ga yadda za ta kwana.

Ranar tseren na haɗiyi ƙwayoyin kashe zafi da na saya a kemis, na ɗaure gwiwar da bandeji tamau, na sa dogon wando don kada alƙalai su gani. Rabin farko ban ji komai ba. Daga nan kuma kowane taku sai in ji shi har cikin haƙorina. Na zo na uku, mutum uku kuwa ake ɗauka. Abokaina suka ɗaga ni sama suna ihu, suna zaton murna ce ta sa nake hawaye, ni kuwa godiya nake da suka ɗauke ni don ba zan iya tsayuwa ba. Aka rubuta sunana a takarda. Ranar da motar 'yan wasa ta tashi, ina kwance a ɗakin kakarka, wurin sakiyar nan ya ruɓe yana fitar da mugunya, zazzaɓi yana kaɗa ni. A nan asirina ya tonu. Kakanka ya ɗora ni a kan keke ya tura har asibiti. Na yi zaton zai yi faɗa, bai yi ba. A hanya magana ɗaya ya yi, ya ce, "Da ka faɗa mini, Sale." Tun daga ranar ban sake yin gudun da ya wuce na tsallake titi ba.

Ka lura da kyau, na ci tseren fa. Abin da kake so ka yi nan da wata biyu, ni na yi shi, kuma na yi nasara, an tafa mini. Tafin bai kai minti goma ba. Wanda ya zo na huɗu, wanda na wuce ina ɗingishi, shi aka sa a gurbina, ya yi shekara takwas yana gudu a garuruwan da ni sai dai in ji sunansu a rediyo. Tsere kuwa kowace shekara ana yi. Da na haƙura da na waccan shekarar, da na tarar da na baɗi yana jirana.

Da ciwon ya warke, sai na yi wata wautar da ta kusa fin ta farko. Na yi fushi da jikina, na kwanta. Tunda ba zan yi gudu ba, to ba zan yi komai ba. Ka san Bukar masunci, wanda yake kawo mana bandar kifi, wanda kakanninsa suka zo daga wajen tafkin Chadi. Tare muka tashi da shi. Wata Juma'a ya shigo ya same ni a kan tabarma, ya tsaya yana kallona, ya ce, "Tashi mu je kogi. Ka zauna a kwale-kwale ka riƙe filafili ka yi mini tuƙi. Ƙafa ɗaya ce ta samu matsala, ƙirjinka da hannuwanka me ya same su?" Na ce, "Haba Bukar, ni da ake kaɗa wa gwangwani a kan jinga, yau ni zan koma yaron jirginka?" Ya yi dariya ya ce, "To zauna nan, Balbela, kitse yana hanya, zai zo ya same ka." Juma'a uku yana zuwa, ina korarsa da baƙar magana. A ta huɗu ya aiko da kifi, shi bai zo ba.

Kitsen kuwa ya zo, bai yi ɓatan hanya ba. Cinyata ta dama ta tsotse har ana ganewa ta cikin wando, tumbi ya fito. Na koma ɗan bencin mai shayi, duk baƙon da ya zauna sai na ba shi labarin yadda na zo na uku da sakiya a ƙafa, har masu wurin suka haddace, in na fara sai su ƙarasa mini. Daga baya wani likita ya gaya mini cewa naman cinya shi ne yake riƙe gwiwa, da na ci gaba da motsa shi, ko ban koma tsere ba da na yi tafiya kamar kowa. Bukar ya girme ni da shekara biyu, amma har yau shi yake jan taru da samari. Ni kuwa kullum da safe sai na haɗiyi ƙwayar hawan jini kafin in sha koko.

Don haka kada ka fahimce ni a karkace. Ban ce ka je ka kwanta ba. Hutun gwiwa daban, zaman banza daban. Duk abin da likitar nan ta rubuta maka a takarda ka yi shi, ko da ya gundure ka: ɗaga ƙafa kana kwance, matse cinya kana ƙirgawa, lanƙwasawa a hankali, tsayuwa da ƙafa ɗaya a jikin bango. Ka ce akwai keken nan da ake tuƙawa ba ya tafiya a ɗakin motsa jikin kwalejin, ka riƙe shi, zai tsare maka numfashinka. In akwai wurin ninƙaya ka shiga ka yi ta tafiya a cikin ruwan, shi ruwa yana ɗauke wa gwiwa nauyi. Ban ce ka faɗa kowane kududdufi ba, ka ji abin da likitar ta ce game da tsargiya. Kuma ka ci abinci. Na ga ka fara rage tuwo wai kada ka yi nauyi, wannan ba dabara ba ce, naman da kake son ya dawo da me zai dawo? Wake da kifi ba su fi ƙarfinka ba.

Ina rubuta wannan kunya tana kama ni, don ni ne na tsaya a kanka ran nan kana ɗaga ƙafa a tabarma, na ce, "Wannan ai motsa jikin masu jego ne." Ƙannenka suka yi dariya, kai ma ka yi murmushi, amma na lura tun daga ranar sai ka rufe ƙofa kake yi. Tir da bakina. Abin da na yi wa dariya shi ne abin da da na yi shi da ban zama haka ba.

Kai ka buɗe ido ka gan ni ina ɗingishi, don haka a wurinka haka Baba yake. Bari in gaya maka abin da ɗingishin nan ya ci mini. Ban cika shekara arba'in da biyar ba na fara salla a kan kujerar roba a ƙarshen sahu, tsakanin tsofaffin da suka haife ni. Rabon da goshina ya taɓa ƙasa a sallar farilla har na manta. Gonar shinkafarmu ta fadama, ina tsaye a kan kunyar gona da sanda wasu suke yi mini dashe, don in na shiga laka sai an ciro ni. Duk wannan na shanye. Wanda ban shanye ba shi ne ranar da kakarka ta rasu. Ni ne babban ɗanta. Da aka kai ta makwanci, liman ya waiwayo ya ce, "Ina Sale? Shigo ka karɓi mahaifiyarka." Na zo bakin kabarin, na sa ƙafar hagu, ta dama ta ƙi lanƙwasuwa. Na gwada, na sake gwadawa, jama'a suna tsaye da gawa a hannu. Sai baffanka Idi ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, bari in shiga." Na ja da baya. Matar da ta yi wata biyu tana wanke mini mugunya a gwiwar nan, gwiwar ta hana ni in kwantar da ita. Ba na jin akwai ranar da za ta wuce ban tuna ba.

Za ka ce mutumin da ya ga wannan ai ya yi hankali. Ina! Kana ɗan shekara goma sha biyu ragon layya ya tsinke, ka bi shi har bakin kogi ka kamo, ka dawo ko haki ba ka yi. Da na ga yadda kake jefa ƙafa, sai na ga ƙafafuna ne Allah ya dawo mini da su. Washegari na tashe ka muka hau jinga, kai a ƙasa, ni a kan babur da usur a baki. Shekara tara muna haka. Ban taɓa tambayarka ko kana so ba. Na ga kana ci, na ga mutane suna cewa ɗan Balbela ne, shi ke nan kaina ya kumbura. Motar nan da ta tashi ta bar ni, ita nake so ka kamo mini.

Ka san ranar da nake nufi, amma zan faɗe ta don ka san ban manta ba. Ƙarshen damina ne, ruwa ya ci jinga a wurare, an toshe da buhunan yashi. Muna cikin zagaye na biyu ka tsaya, ka dafa gwiwarka ta hagu, ka ce, "Baba, tun shekaranjiya tana yi mini wani iri." A hankali ka faɗa, kanka a ƙasa, na san sai da ka yi ta maza kafin ka furta. Ka yi abin da ni na kasa yi wa nawa uban. Ni kuma me na ce? Na ce, "Kai, rufe mini baki! Ni da na yi tsere da sakiya a ƙafa ban mutu ba. Saura zagaye ɗaya, wuce mu je." Wautar da ta nakasa ni, ita na ɗauko na yi maka ado da ita. Ka wuce. Ba mu yi nisa ba, daidai wurin buhunan nan, ƙafar ta zame ka faɗi. Ƙarar da na ji daga gwiwarka na san ta, don na taɓa jin irinta.

Ko a nan ban dawo hayyacina ba. Da na kawo ka gida a bayan babur, cewa na yi a kira mai ɗori, a kira wanzami ya zuƙe jinin da ya taru, kafin sati uku ka miƙe. Ummanka, wadda tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa jin muryarta ta wuce tsakar gida ba, ta zo ta tsaya a ƙofar zaure ta baza hannuwa. Ta ce, "Malam, sai dai ka bi ta kaina. Ƙafa ɗaya aka lalata a gidan nan, ta ishe mu." Na daka mata tsawa, ko gezau ba ta yi ba. Ita ta yafa mayafi ta fita titi ta tsayar da adaidaita da kanta. Da ba don ita ba, da yau da tabon wuta a gwiwarka. Ka riƙe matar nan da kyau, Abba, ka riƙa kiranta ko ba ka kira ni ba.

Akwai kuma abin da ya faru a asibiti a Kano, wanda daga ni sai kai muka sani. Likitar gashi tana cike katinka ta tambaye ka, "Kafin ka faɗi, ka taɓa jin ciwo a gwiwar?" Ka ɗago ka dube ni, sannan ka ce, "A'a." Ka rufa mini asiri a gaban baƙuwa. Ni kuma ina zaune da hulata da furfurata, na bari aka rubuta ƙarya a katin ɗana don kada a ga laifina. Ka gyara wannan. Likitan can da aka haɗa ka da shi, ka gaya masa gaskiya, cewa ta yi kwana biyu tana ciwo, ka faɗa, aka ce ka ci gaba. In ya tambayi wanda ya ce, ka ce ubanka ne. Mai gyaran ƙafa yana buƙatar ya san yadda ta lalace, mutuncina kuwa bai kai gwiwarka ba.

Ka yafe mini, Abba. Ban taɓa faɗa wa wani ɗa nawa wannan kalma ba, kuma da baki ba zan iya ba, amma ga ta a rubuce. Ni na karya ka. Ba ka lalace ba, kuma babu abin da za ka nuna mini. Wata huɗun nan ina kallonka ta taga kana koyon taka ƙasa da sanda biyu, sannan ɗaya, sannan babu, ba ka taɓa ce mini ga abin da na jawo maka ba. In da abin da zan yi alfahari da shi a kanka, wannan ne, ya fi duk kofunan da ke kan kabad ɗin Ummanka.

Can za ka haɗu da masu zuga. Za su ce ai ka warke, ga shi kana tafiya garau. Mai horarwa ma zai iya matsa maka in ya ji labarin gudunka, don shi 'yan wasa yake nema. Na san irinsa, ni ma malamin wasanni ne. In kunya ta hana ka cewa a'a, ka ce ubanka ya hana, ka ɗora mini, ai na saba ɗaukar sunan mai taurin kai. Ranar da likita ya sallame ka kuma, kada ka ce za ka rama watannin da suka wuce a sati ɗaya. Tafiya tukuna, sannan sassarfa kaɗan a fili mai laushi wanda babu ramuka, ka huta kwana ɗaya, ka duba ko ta kumbura. In kuma ka zauna ka duba zuciyarka ka ga gudun nan dama ba naka ba ne, nawa ne na ɗora maka, ka ajiye shi. Ka yi karatunka ka dawo. Wallahi ba zan ce maka komai ba.

Saura abu ɗaya. Yau da hantsi, da ka tafi yi wa kawunka sallama, na buɗe jakarka don in sa takardar nan. A can ƙasa, ƙarƙashin garin kunun da Ummanka ta ɗaura maka, na tarar da takalman gudunka a naɗe cikin leda, waɗanda ka ce mata ka bar su a ƙarƙashin gado. Raina ya ɓaci. Na ciro su na kai ɗakina na kulle a akwati, na ce to in ga da abin da zai yi tseren. Na zauna ina jin na yi dabara. Ban daɗe ba na ga kuskurena. Jiya ni na ce ka yi gudu ban tambaye ka ba, yau kuma ni zan ce kada ka yi ban tambaye ka ba. Wanda ya yi niyya kuwa ko aro ne zai yi. Sai na buɗe akwatin, na kankare busasshiyar lakar jinga da ke ƙasansu, na mayar maka da su inda ka ɓoye. Na dawo na ƙara waɗannan layuka, kuma a cikin na hagun zan cusa takardar, ƙafar da aka yi wa aiki.

Don haka in kana karanta wannan, na san abin da ya kai hannunka wurin. Ba na kusa balle in riƙe ka. Ƙafarka ce, kai za ka yanke. Ni dai roƙo nake, ɗana, ka mayar da su cikin ledar, ka ba ta watanni biyar ɗin nan da suka rage.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya ƙarfafa abin da aka ɗinka, ya kare ka daga sharrin masu zuga da sharrin gaggawa. Allah ya ba ka ilimi mai amfani, ya tsare maka sallarka, ya yi maka albarka duniya da lahira. Allah ya nuna mini ranar da za ka yi sallama a zauren nan kana tafe a kan ƙafafunka biyu ba ka ɗingishi, ko da babu komai a hannunka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Malam Sale